Nasiha Ga Masu Hawan Dutsen Celeste

'Yan'uwana masu buga wasan bidiyo, musamman ƙannenmu da suka fara shiga wasannin tsalle masu wuyar nan, ina da magana da ku a kan Celeste.

Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da wasu 'yan tsiraru suka haɗa a Kanada, Maddy Thorson da Noel Berry ne kan gaba, ya fito a Janairun 2018. Wata budurwa ce mai suna Madeline take hawan dutse, kuma abu uku kawai ta iya: ta yi tsalle, ta kama bango ta hau har ƙarfinta ya ƙare, sai kuma ta zabura sau ɗaya a cikin iska zuwa ɗaya daga kusurwoyi takwas. Da ta zabura, jan gashinta zai koma shuɗi, alamar babu sauran zabura sai ta taka ƙasa ko ta taɓa wani koren lu'ulu'u. Ta taɓa ƙaya, ta mutu. Wasan yana da kyau ƙwarai, ina sonsa, ba zan ce wa kowa ya bar shi ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda yake mayar da kai. Ka mutu, kafin ka ƙifta ido ka dawo bakin ɗakin da ka faɗi, wato ɗan yankin hanyar da kake ciki. Babu jira, babu asara. Wannan sauƙin shi ne ya sa wasan ya yi daɗi, kuma shi ne ramin da yawancinmu ke faɗawa, domin ba ya barin ka tsaya ka yi tunani sai in kai ne ka tilasta wa kanka. "Bari in sake sau ɗaya." Kowa ya san wannan maganar, kowa kuma ya san ƙarya ce.

Ku dubi yaro a babi na uku, cikin otal ɗin wani mai suna Oshiro, inda baƙaƙen dunƙulen ƙura masu jan baki suke kai da komo. Ya cije leɓe, babban yatsansa ya jiƙe da gumi, yana zabura a daidai lokacin da ya zabura ɗazu, yana mutuwa a daidai inda ya mutu ɗazu, kamar ƙuda a jikin gilashin taga. Umma ta kira daga tsakar gida, ya ce "ina zuwa" ba tare da ya juyo ba. An kira la'asar, an tayar, an sallame. Ƙaninsa ya gifta ta gaban allo ya daka masa tsawa. In ka yi masa magana sai ya ce ai mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ɗan'uwa, wannan ba haƙuri ba ne, fushi ne. Mai haƙuri yana ajiye abin dannawa ya tambayi kansa: me ya kashe ni? Na yi tsalle da wuri ne, ko na ɓata zaburata tun kafin in isa inda ake buƙatarta?

Kada kuma ka ɗora wa wasan laifi, don waɗanda suka yi shi sun gina shi ne da nufin ka ci nasara. In ƙafarka ta wuce bakin dandamali da ɗan kaɗan ka danna tsalle, yana karɓa. In ka danna dab da za ka sauka, yana riƙe maka har ka taɓa ƙasa. In kanka ya bugi kusurwar bango, sai ya ɗan gusar da kai ka wuce. A dogayen ɗakuna ma an ajiye madubin hangen nesa, ka leƙa ka ga duk abin da ke gaba kafin ka ɗaga ƙafa. Mutum nawa ne ke wuce madubin nan a guje, sannan su mutu a wurin da leƙe ɗaya zai nuna musu? Sauri ya haifi nawa ke nan. Wasan yana ƙirga mutuwarka, har ma yana ce maka ka yi alfahari da adadin don alamar koyo ce. Gaskiya ne, amma fa ga wanda kowace faɗuwa ta ƙara masa sani.

Sai batun gasa. Jajayen 'ya'yan sitirobari 175 da ke warwatse a hanya ba dole ba ne, wasan da kansa ya faɗa. Haka kaset-kaset ɗin da ke buɗe babuka masu tsanani, da sitirobarin zinare da ba a samu sai an gama babi guda ba a mutu ko sau ɗaya ba, da babin Farewell da aka ƙara a Satumban 2019. Za ka ga wasu a YouTube suna gama wasan a ƙasa da minti 30. Ba ka san shekarun da suka zuba ba, kuma ba su ne za su rubuta maka jarrabawa ko su buɗe maka shago da safe ba.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne yi wa mai amfani da Assist Mode dariya. Tsari ne da ke ba mutum damar rage gudun wasan, ko ƙara zabura, ko cire mutuwa gaba ɗaya. Akwai mai ciwon hannu, akwai wanda idonsa ba ya bin abu mai gudu, akwai wanda aiki bai bar masa lokaci ba sai ɗan na dare. Masu wasan ne suka sa shi da hannunsu. Kai wane ne da za ka ce masa rago?

Kuma ku daina tsallake hirarrakin ciki. Madeline tana fama da damuwa da firgici, akwai wani ɓangare nata da ya fito a siffarta yana binta yana karya mata gwiwa. Lokacin da numfashinta ya sarƙe a cikin keken igiya mai ɗaukar mutane ta sama, abokinta Theo ya koya mata ta riƙa hango gashin tsuntsu yana tashi yana sauka tare da numfashinta. Da ta yi ƙoƙarin yar da wancan ɓangaren da ƙarfi, faɗowa ta yi har gindin dutse. Sai da suka sasanta ta samu zabura biyu, da ita ta kai ƙololuwa. Abin takaici ne mutum ya danna ya wuce duk wannan, yana huci, yana zagin allo.

Don haka tun kafin ka kunna, yanke inda za ka tsaya: kiran sallah, ko kiran iyaye, ko lokacin da ka ji haƙoranka sun fara haɗuwa. Hannun da ya huta ya fi iya tsallen, sau da yawa ɗakin da ya gagare ka da dare za ka wuce shi da safe cikin 'yan gwaji. Kuma ba ka da uzurin cewa aikinka zai ɓace, domin in ka zaɓi ajiyewa ka fita, gobe a ɗakin nan zai sauke ka.