Hutun Da Ya Ci Min Kwanon Fura

Ƙanina da ke harkar kwamfuta a Abuja ya zo gida da wani ƙaton tabarau, wai VR, irin wanda in ka saka sai ka ga kamar kana wani wuri daban. Shi da abokansa suna ƙera manhajar kwantar da hankali, kuma a tsarin aikinsu sai an gwada a kan mai amfani tukuna. "Yaya, kai ne daidai, kullum a gajiye kake dawowa daga kasuwa." Na ce to, tunda kyauta ce.

Da farko wai sai an zana iyaka a ƙasa, mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, ba komai a ciki. A falona! Muka ture kujeru, muka ja keken ɗinki, aka kora yara tsakar gida.

Ina ƙwama abin sai ga ni a bakin teku, ga bishiyoyin kwakwa, wata mata tana lallashina da Turanci in ja numfashi a hankali. Ita ba ta san watan Afrilu muke a Kano ba, kuma an ɗauke wuta. Gumi ya turare gilashin, teku ya koma kamar hazon hunturu.

Sai aka sa ni a kwale-kwale, ni da ko na dam ɗin Tiga ban taɓa hawa ba. Ido ya ce tafiya muke, cikin kunne, mai kula da daidaiton jiki, ya ce ƙarya ne, a tsaye muke. Suna wannan musu, tuwon rana ya fara neman hanyar fita. Wata shuɗiyar raga ta bayyana a gabana. Ashe gargaɗi ne cewa na kai iyaka. Ni na ɗauka komar masunta ce. Na miƙa hannu zan dafa gefen jirgi, na dafa iska.

Maman Abba kuwa ta shigo ta ga fili fes, ta ajiye min fura a nan. A kan furar na sauka.

Ina goge nono daga gemu, yaron nan ya buɗe littafi. "Yaya, daga 1 zuwa 10, maki nawa za ka ba hutun?"

Na ce su cire teku, su sa inuwar darbejiya da tabarma da ɗan rediyo.

Maman Abba tana tsintar ludayi ta ce, "Duk suna ƙofar gida."

Wallahi har wannan sai da ya rubuta.