Dutse ya faɗa rijiya, ƙusa ta bi maganaɗisu: shin hannu ɗaya ne ke jan su?

Ina koyar da fiziks a wata sakandaren ƙauye a yankin Ringim, kuma kayan gwajinmu ba su wuce rijiyar bayan aji da wani maganaɗisu da na ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo ba. Wata Laraba na saki tsakuwa cikin rijiyar muka ji faɗuwarta, sannan na ɗaga ƙusoshi da maganaɗisun. Sai wata 'yar aji biyar ta ce, "Malam, abin da ya ja tsakuwar ƙasa da wanda ya ja ƙusa sama, ba abu ɗaya ba ne?"

Na daɗe ban ba ta amsa ba. Tambayar nan ce Albert Einstein ya kwashe kusan shekara talatin na ƙarshen rayuwarsa yana fama da ita, har ya rasu a 1955 bai warware ta ba.

Masana sun gano ƙarfi huɗu ne ke riƙe da duniya: ƙarfin da ke jan abu zuwa ƙasa, na lantarki da maganaɗisu, sai biyu da ke aiki cikin cibiyar ƙwayar zarra, ɗaya mai tsanani ɗaya mai rauni. Burinsu shi ne su nuna cewa duka huɗun rassa ne na bishiya guda. Kuma ba su yi burin a banza ba, don an sha dacewa. A 1687 Newton ya nuna cewa abin da ke kayar da ɗan itace daga reshe shi ne ke riƙe da wata a sama. Wajajen 1865 Maxwell ya haɗa lantarki da maganaɗisu da haske cikin lissafi ɗaya. A 1979 Abdus Salam ɗan Pakistan, tare da Glashow da Weinberg, suka sami kyautar Nobel saboda haɗa lantarki da ƙarfin nan mai rauni, a 1983 kuma cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyi ta Turai, wato CERN, ta ga ƙwayoyin W da Z da lissafinsu ya ce akwai su. Wanda ya ƙi shiga sahu har yau shi ne ƙarfin da ya ja tsakuwata. Ƙa'idar Einstein ta 1915 kan wannan ƙarfin tana bayanin taurari, ƙa'idar kwantum tana bayanin ƙananan ƙwayoyi, kowacce daidai take a gidanta, amma in aka haɗa su a wuri kamar tsakiyar baƙin rami, wato wurin nan a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa, lissafin sai ya watse.

Da na ba da labarin nan a majalisa bayan la'asar, wani dattijo ya ce mini, "Malam, wanda ke neman kuɗin taki me ya haɗa shi da wannan?" Na girmama maganarsa, don ni ma ina noma. Amma rediyon da ke manne a kunnensa daga lissafin Maxwell ta fito. Maxwell bai san za a yi rediyo ba, so kawai ya yi ya fahimta, sai bayan mutuwarsa Hertz ya tabbatar da igiyoyin a 1887. Wayar da muke kai wa mai caji ranar kasuwa, da farantin sola da ke jawo ruwan burtsatse, 'ya'yan irin wannan neman ne. Shi ya sa nake ganin neman ya cancanta, kuma namu ne mu ma. Salam a garin Jhang ya tashi, ba a Landan ba, shi ne kuma ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta birnin Trieste a Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe matalauta.

Sai dai akwai inda na saɓa wa masu zumuɗin abin. Ƙa'idar zare, wadda wasu ke fatan ita za ta haɗa duka huɗun, mai cewa kowace ƙwaya ƙaramin zare ne mai kaɗawa, tana buƙatar fuskoki goma ko sha ɗaya maimakon huɗun da muka sani, wato tsawo da faɗi da zurfi da lokaci, kuma shekaru sama da arba'in babu gwajin da ya tabbatar da ita. Na'urar CERN mai zagayen kilomita 27, wadda ta gano ƙwayar Higgs a 2012, ba ta ko kusa da ƙarfin da ake buƙata. Wasu na cewa kyan lissafinta ya isa shaida. Ban yarda ba. Manomi ba ya yabon iri don kyan ƙwayarsa a tafin hannu, sai ya ga zangarniya.

Sunan da suke ba ta ma, wato ƙa'idar komai, ya yi girma. Tun ƙarni na 19 aka san lissafin motsin iska da ruwa, amma har yau ba mai iya faɗa maka ranar da ruwan shuka zai sauka wata biyu kafin lokacin, ko kogin Haɗeja zai ci gonaki bana. Sanin tushen doka daban, sanin abin da za ta haifar daban. Ko an rubuta lissafin nan ɗaya tilo, ba zai faɗi dalilin da ya sa akwai doka tun farko ba, balle ya gaya maka yadda za ka zauna da maƙwabcinka. Haka nake jan hankalin 'yan'uwa masu gaggawar kafa hujjar tauhidi da ita: mumini yana ganin aya a tsarin halitta, wannan haka yake, amma kada a jingina imani da lissafin da gwajin gobe zai iya rushewa.

Washegari na ce wa ɗalibar, gaskiya ba wanda ya sani tukuna. Na rubuta mata sunayen ƙarfin huɗu a bayan littafinta, na ba ta aron maganaɗisun. Bayan mako guda ta dawo tana tambaya: me ya sa ɗan ƙarfe kamar ƙwallon goro ya fi duk faɗin ƙasa ƙarfin jan ƙusa? Wannan ma masana ba su gama amsa ta ba. Ta ce fiziks za ta nema a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ni kuma na fara zuwa gaida mahaifinta don mu yi maganar kuɗin jarrabawa.