Ƙannena ƴan Damagaram, wa zai rubuta namu?

Salamu alaikum ƙannena, samari da ƴan matan Damagaram.

Daren jiya na zauna a wata fada a Sabon Gari ana dafa shayi, samari bakwai, kowa ya sunkuya kan salula. Uku daga cikinsu ɗaliban jami'ar garin nan ne. Da aka zubo na biyu sai na tambaye su: wannan André Salifou da jami'arku ke ɗauke da sunansa, wane ne? Ɗaya ya ce tsohon ɗan siyasa ne, wani ya ce ya taɓa riƙe minista. Ba su yi ƙarya ba, amma ba wanda ya ambaci ko littafi ɗaya. Na koma gida abin yana cina a rai.

To ku saurara. A garin nan aka haife shi a 1942, ya rasu a 2022. Shi ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991 a Yamai, wannan kowa ya ji. Amma shekara 20 kafin taron, a 1971, ya fitar da littafi kan daular Damagaram a ƙarni na 19, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa. Kujerun da ya hau duk wasu sun hau bayansa. Littafin kuwa, har yau mai son sanin yadda garin nan ya kafu sai ya nemo shi.

Bari in koma can baya. Kun taɓa jin sunan Dorugu? Yaro ne daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram, wajen Kance. Mahara suka kama shi yana ƙarami, aka kai shi Barno cikin bauta. A Kukawa wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi, da Overweg ya rasu sai ya bi abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tumbutu. Daga baya suka keta sahara, a 1855 ya isa Ingila. Can ya zauna gaban wani ɗan mishan, Schön, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa tiryan-tiryan, tun daga gidan ubansa da ranar da aka kama shi har yadda ya ga Turawa na zaman cin abinci. An buga labarin a 1885, Dorugu kuma ya rasu a Kano a 1912. Ku yi tunanin yaran da aka kwashe daga ƙauyukanmu a wancan zamani. Kowannensu yana da suna, yana da uwar da ta yi kuka har ta gaji. Muryar yaro ɗaya ce ta iso gare mu, don shi aka zauna da shi aka rubuta.

Wanda na fi so in daɗe a kansa shi ne Abdoulaye Mamani. Da yawanku kun ji labarin Sarauniyar Lugu, amma ba ku san ta hannun wa ya kai duniya ba. An haife shi a 1932. Ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, ɗan jarida, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, kuma mutanen Damagaram ne suka zaɓe shi wakili tun bai kai shekara 30 ba. Da aka haramta Sawaba sai ya yi gudun hijira, ya yi shekaru a ƙasashen mutane, har Aljeriya. Bayan juyin mulkin 1974 ya dawo gida, bai jima ba gwamnatin Kountché ta jefa shi kaso. Wani da ya ɗanɗani wannan sai ya kama bakinsa har mutuwa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Shi kuwa a 1980 ya fitar da littafinsa kan Sarauniya, matar da ta tsaya gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Rundunar nan dai ita ce, bayan an kashe shugabanninta biyu, ragowarta ta gwabza da dakarun Sarki Ahmadu Kuran Daga a Tirmini, ta shigo garin nan a wannan shekarar. Littafin ƙagaggen labari ne da aka gina kan tarihi, masana ma sun yi ta muhawara kan inda tarihi ya tsaya da inda alƙalaminsa ya ɗora. Amma abin da yake bakin tsofaffi shi ya ɗauko ya kai inda ba ya mutuwa. Med Hondo na Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1987. A 1993 Mamani ya kama hanya daga Damagaram zuwa Yamai don karɓar kyautar adabi mai sunan Boubou Hama, haɗarin mota ya rutsa da shi. Allah ya jiƙansa. Hanyar nan da muke bi kullum ce, amma a cikin motar da ke cike da ɗalibai da wuya ka sami biyu da suka san wannan.

Ba ina faɗa ba ne don na fi ku. Kakata ta wajen uwa a Birni ta zauna har ta rasu. Idan tana tsince gero a faifai, waƙar daka ce a bakinta, ko kirarin gidanmu, ko labarin yadda suka fita da ƴaƴa daga yunwar 1984. Na sayi littafin rubutu musamman dominta, na sa sunanta a bango. Kullum sai in ce gobe. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na buɗe shi, shafi ɗaya da rabi ne kawai a ciki. Na bi gwaggonnina ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tuna baiti biyu ko uku, sauran ya tafi da ita. Wannan asara ba ta da diyya, kuma ni na jawo ta.

Abin da ke ƙara damuna, ba a taɓa yin zamanin da matasan garin nan suka yi rubutu kamar ku ba. Tun asuba har tsakar dare yatsunku ba sa hutawa a WhatsApp da Facebook. Amma me ake rubutawa? An ce, wai, ku yaɗa. Mutum ya ji rabin magana a bakin kasuwar Dole, kafin ɗan kabu-kabu ya sauke shi gida ya riga ya tura wa mutum 200, ya kuma kira kansa ɗan jarida. Ku je ku karanta tarihin ɗan jarida Norbert Zongo na Burkina Faso. Mutuwar direba ɗaya ya bi diddigi, David Ouédraogo, direban ƙanin shugaban ƙasa, yana tambaya, yana tabbatarwa. Ranar 13 ga Disamba 1998 aka tarar da gawarsa a ƙone cikin mota kusa da Sapouy. Da ransa ya biya wannan suna da kuke ɗauka a arha. In ba za ka iya maimaita magana a gaban mai ita ba, ƙanena, kada ka rubuta ta, domin ranar gobe da alƙalaminka za a tashe ka.

Na san uzurin da za ku kawo: ba kuɗi, ba aiki, wuta ma ba ta zama. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙoƙinsa na Imfiraji har yau almajirai da mata a cikin gida suna rera su. Ku kuma ƙannena mata, Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana da miji da ƴaƴa da hidimar gida ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa jajis, ta ba su malfa, suka riƙa kai karatu ƙauye-ƙauye ga matan da ba su iya zuwa gare ta.

Ga wani giɓi da ya rage, kuma naku ne. Salifou da Mamani da Faransanci suka rubuta, don shi ne harshen lakwal a zamaninsu. Tsofaffin da labarin ya fito daga bakinsu ba su iya karanta shi ba. A can Najeriya, tun a 1939 Abubakar Imam ya fara shirya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Hausa, manomi ya saya a karanta masa a gindin bishiya. Mu nan muna jin kunyar rubuta harshen da muke mafarki da shi, in mun rubuta ma sai mu cakuɗa shi yadda ba mai gane kansa. Ku koyi ƙa'idar rubutunsa. Masu ajami a cikinku, ku leƙa gafakar kakanninku malamai kafin gara ta gama da takardun.

Ba na ce kowa ya zama marubuci ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa. Ka saya mata goro, ka durƙusa ka gaishe ta, ka tambaye ta inda aka haife ta, wa ya yi mata suna, me ake ci a shekarar da ruwa ya ƙi. Salular nan ta hannunka tana ɗaukar murya, ka ɗauka, da dare ka kwafe a takarda da Hausa, ka sa rana da shekara da sunan wadda ta faɗa maka. Abin da ba ka gane ba ka koma ka sake tambaya.

Samarin fadar jiya, biyu daga cikinsu sun yi mini alkawari. Ɗaya yana da kaka a Mirya, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai je. Na ba shi littafin nan na kakata, ya ci gaba daga shafi na biyu.