A auna mu tun muna tsaye

Wani ɗan'uwanmu direban tasi a nan Ingila, bai cika hamsin ba, ya shiga kemis sayen maganin tari. Da mai kemis ta ji ya haura arba'in sai ta ce ya shigo wani ɗan ɗaki a auna masa jini, kyauta. Aka samu 168/104, wato jininsa ya hau. Mutumin nan ba ciwon kai, ba jiri, da ƙafarsa ya shigo, aiki ma zai koma. Ba su ba shi magani nan take ba. Wata 'yar na'ura suka ɗaura masa a damtse, ya wuni ya kwana da ita tana matse hannun lokaci zuwa lokaci, sannan aka tura sakamakon ga likitansa.

Ba wayonsa ne ya kai shi ga sanin halin da yake ciki ba, tsari ne ya tare shi a hanya. Tun 2021 ake wannan awo a kemis a Ingila. Bayan haka, hukumar lafiya ta NHS tana gayyatar duk mai shekara 40 zuwa 74 da ba a san shi da cututtuka irin su hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ba, duk bayan shekara biyar. A auna jini da kitsen da ke cikin jini, a ɗauki nauyi da tsawo, a tambayi taba da giya da motsa jiki da ciwon da iyaye suka yi. Dalili a fili yake: hawan jini da ciwon suga kisan mummuƙe suke yi, shekaru suna cin jijiyoyi da ƙoda da ido kafin mutum ya ji wani abu. Cututtukan da ba a ɗauka, har da ciwon zuciya da daji, su ke kashe kusan uku cikin huɗu na masu mutuwa a duniya.

Akwai inda abin ke sosa rai. Ma'auninmu na baƙar fata daban ne. Bature daga shekara 40 ake fara sa masa ido kan suga, mu daga 25. A lissafin nauyi da tsawo, shi sai ya kai 30 ake kiransa mai teɓa, mu 27.5. Wasu 'yan'uwa na jin wannan kamar raini. Ni ban gan shi haka ba, domin ciwon ya fi saurin kama mu, kuma ko maganin hawan jini da ake fara ba mu, irin amlodipine, an zaɓe shi ne saboda ya fi yi mana aiki.

Hatta kwalin abinci magana yake yi. A gabansa akwai ja da ruwan ɗorawa da kore. Gishiri ya wuce giram 1.5 a cikin giram 100, ja ne. Suga ya wuce 22.5, ja ne. A 2018 aka ɗora haraji kan lemon kwalba mai suga da yawa, kamfanoni da dama suka rage sugan da kansu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abincin da aka sarrafa.

Ingila ba aljanna ba ce. Kusan biyu cikin uku na manyansu sun wuce nauyin da ya dace, da hunturu ƙarfe huɗu gari ya yi duhu mutum ya lafe a kujera, ganin likita kuma sai an yi haƙuri. Mu ma da muka zo, tumbi ke fito mana. Amma su suna neman ciwon tun mutum yana tsaye. A gida kun fi ni sanin lokacin da ake kai mutum asibiti, kuma ban yarda sakaci ne kaɗai ba, wanda ba a taɓa gayyata awo ba ta ina zai sani?

Mu na waje ne nake ganin laifinmu ya fi yawa. Ranar da ɓarin jiki ya shanye ko aka ce wankin ƙoda, nan da nan kuɗi ke fitowa. Amma na'urar awon jini ta damtse, wadda ta fi ta wuyan hannu inganci, mutum nawa ne a cikinmu ya aika wa iyayensa? Ga yadda ake awon: a zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana bakwai, a rubuta. A duba maɗaurin, idan ya yi wa damtsen kaɗan lambar za ta hau ta ƙarya. Matsakaicin awon gida ya kai 135/85, a ga likita. Ya kai 180/120, a ranar za a je asibiti. Ƙugu kuma a zagaya shi da zare, kada ya kai rabin tsawon mutum.

Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi, maganin ne ya sauko da jinin, ana bari zai koma. Duk wanda ke nesa ya san yadda gaba ke faɗuwa idan wayar gida ta shigo da tsakar dare. Idan mun kira Baba ko Inna ranar Juma'a suka ce lafiya lau, mu ce Alhamdu lillahi, sannan mu nemi ƙanenmu ya karanto mana abin da aka rubuta a makon.