Ƙarfin 'yan awaren kudancin ƙasar Amurka ya wuce batun janar-janar

Duk wanda ya ɗauko zancen yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da ya iso kan ƙarfin 'yan awaren Kudu sai ya fara jero sunayen janar-janar. Ga Robert E. Lee da aka yi wa tayin jagorantar sojojin tarayya, wato na Arewa, a Afrilun 1861, ya ƙi, ya bi jiharsa Virginia. Ga Stonewall Jackson. Ban musa gwanintarsu ba. A Chancellorsville, cikin Mayun 1863, Lee da mutum kusan 60,000 ya raba rundunarsa a gaban abokan gaba da suka ninka shi yawa, kuma ya kora su. Sai dai a ganina an cika zuzuta wannan ɓangaren. A fagen yamma ai janar-janar ɗin Kudu kashi suka yi ta sha a hannun Grant, janar ɗin tarayya, har garin Vicksburg ya faɗi a ranar 4 ga Yulin 1863.

Abin da ya riƙe Kudu shekara huɗu shi ne ƙasar kanta. Jihohi 11 ne, faɗinsu ya kai kusan murabba'in mil 750,000, ga dazuzzuka, ga fadamu, ga koguna. Kudu ba ta da buƙatar mamaye Arewa. Abin da take nema kawai Arewa ta gaji ta ce a bar su. Ita kuwa rundunar tarayya, duk inda ta ƙara nutsawa cikin ƙasar sai ta bar sojoji a baya suna gadin gada da layin dogo, ga mahayan dawakan Kudu da suka san kowane lungu suna kai musu sara. Kasancewar 'yan Kudu ne a tsakiya ya sa suke ɗebo sojoji daga wannan fage zuwa wancan cikin jirgin ƙasa. Haka aka yi a Bull Run a 1861, haka Janar Longstreet na Kudu ya kwashi mutanensa daga Virginia zuwa Chickamauga a 1863. Mai tsaron gida kuma bindigar lokacin ta fi yi masa aiki: a Fredericksburg, daga bayan wata katangar dutse 'yan Kudu suka zubar da dubban sojojin tarayya, jimillar asarar tarayya a wannan karawar kuma ta haura 12,000 tsakanin matattu, masu rauni da waɗanda aka kama ko suka ɓata. Abin mamaki, Lee da kansa ya manta wannan darasin a Gettysburg, inda shi ne ya kai farmaki ya sha kashi.

Akwai wani ƙarfin da masu yabon Kudu ba sa son ambata. Cikin mutum miliyan 9 na yankin, kusan miliyan 3.5 bayi ne. Su ke noma, su ke haƙa ramukan yaƙi, su ke jan keken kaya da dafa abincin sansani, har a maƙerar Tredegar ta Richmond, inda ake ƙera igwa, suna cikin masu aiki. Gumin waɗannan mutanen ne ya ba fararen maza damar ɗaukar bindiga da yawan da ya fi ƙarfin lissafin jama'arsu. A 1862 ma doka ta yafe aikin soja ga bature ɗaya a duk gonar da ke da bayi 20, abin da ya sa talakan soja yake ƙorafin cewa yaƙin masu kuɗi ne, shi ke mutuwa a cikinsa.

To amma wannan ƙarfi yana da ƙafa. Tun Mayun 1861 bayi uku suka tsere zuwa sansanin tarayya na Fort Monroe, Janar Butler ya ƙi mayar da su. Daga nan aka yi ta kwarara. Kafin yaƙin ya ƙare, baƙaƙen fata kusan 180,000 sun sa kakin sojan tarayya. Sai a Maris ɗin 1865 majalisar Kudu ta yarda a ɗauki baƙaƙe aikin soja. Ba a cika wata guda ba Lee ya miƙa wuya a Appomattox.