Ku daina tara jarirai a ɗaki ku bar wa yarinya ɗaya

Masu gidajen rainon yara, da ku nake, kuma raina a ɓace yake. Kuna karɓar jarirai 'yan wata uku da wata huɗu, kuna karɓar kuɗinmu a farkon kowane wata babu ragi babu ɗaga ƙafa, sannan ku zube su a kan katifa ɗaya ku bar wa yarinyar da ita kanta jiya-jiya ta bar goyo. Wannan ba raino ba ne, ajiya ce.

Kada wani ya ce mini ai sai uwa ta zauna a gida. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mace na hutun haihuwa, ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. Jihar Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta wata 6 a 2019, amma mu da ke koyarwa a makarantun kuɗi ko aiki a kamfani a nan Kano, ranar da hutu ya ƙare ko dai ki koma ko a ɗauki wata. Kakar 'yata tana can garinmu, gidan haya muke. Dole ce ta kai mu ƙofarku, kuma kun san da haka, shi ya sa kuke yin abin da kuka ga dama.

Jariri ɗan wata huɗu yakan nemi nono bayan kowace awa biyu ko uku. Sai an ɗauke shi an tallafi kansa, in ya gama a saɓa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a duba kunzugunsa, a wanke hannu kafin a taɓa na gaba. Mutum ɗaya jarirai nawa zai yi wa wannan? A Ingila doka ce, mai raino ɗaya ba ta wuce yara 3 in ba su kai shekara 2 ba. A inda nake kai 'yata, ɗakin cike yake, mai raino ɗaya ce, kuma ita ce mai shara, ita ce mai wankin fida, ita ake aike sayen ruwan leda.

To me kuke tsammanin za ta yi? Sai ta kwantar da yaro, ta cusa masa fida a baki, ta tokare da zani, ta juya wajen mai kuka. Na gani da idona. Jaririn da aka yi wa haka yana iya ƙwarewa babu wanda ya lura, madarar kuma takan jawo masa ciwon kunne. Wasu a kife nake samun su suna barci, alhali ma'aikatan lafiya sun daɗe suna cewa a kwantar da jariri rigingine. Famfas kuwa tun na safe ne a jikin 'yata har la'asar, cinyoyinta duk sun sale, in ruwa ya taɓa wurin sai ta ƙwalla ƙara.

Maganar nono ita ta fi ƙona mini rai. Tun kafin kiran asuba nake tashi in tatsa, in zuba a kwalba mai tsabta, in rubuta sunanta. Nonon da aka tatsa ba a so ya wuce awa 4 a waje, balle a zafin watan Afrilu da ake haura digiri 40. Ranar da muka je yin rajista an nuna mana firij, an nuna mana janareta. Firijin nan yanzu ma'ajiyar jakunkuna ce, janareta kuwa sai ranar da sababbin iyaye za su zo duba wuri ake tayar da shi. Nono ya lalace, sai a dama wa 'yata madarar wani yaron da ruwan da Allah kaɗai ya san inda aka ɗebo shi, ba tare da an tambaye ni ba. Da gudawa ta kama ta na yi magana, mai gidan ta dube ni ta ce, "Haba Maman Baby, ai haƙori ne." Na ce, "Hajiya, duk yaran ɗakin ne suke fitar da haƙori a mako guda?" Ta ce in ban gamsu ba akwai masu jiran gurbi.

Akwai kuma kwalbar maganin mura da kullum take kan taga. Me take yi a ɗakin jarirai? Irin wannan magani yana sa barci, kuma ba a ba jariri shi sai likita ya rubuta. Duk uwar da take karɓar ɗanta da yamma jiki a sake, ya kasa kama nono don barci, ta tambaya, ta kuma nace.

Ita yarinyar mai raino ba na ganin laifinta. Ta gaya mini albashinta bai kai rabin naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba, kuma babu wanda ya taɓa koya mata abin da za ta yi in jariri ya ƙware. Laifin na mai karɓar kuɗin ne, wadda ta san kuɗin yara biyu kacal zai ɗauki ƙarin ma'aikaciya, ta ƙi.

Ina kira ga ma'aikatar lafiya da ta harkokin mata su riƙa faɗa wa waɗannan gidaje da tsakar rana ba sanarwa, su ƙirga jarirai, su ƙirga masu raino, su buɗe firij su taɓa. Wanda ya kasa, a rufe shi. Ku kuma masu gidajen, in hannu biyu kuke da su, ku karɓi yara uku, ku ce wa ta huɗu babu wuri.