Layin dogonsu irin namu ne fa

Jama'a, duk mai cewa jirgin Legas zuwa Kano ya lalace ne saboda layin tsoho ne kuma siriri, don Allah ya zo tsibirin Java a nan Indonesiya ya gane wa idonsa. Faɗin layinsu milimita 1067 ne, daidai da wanda Turawan Ingila suka shimfiɗa mana har ya iso Kano a 1911, su ma gadon mulkin mallaka ne, mutanen Holan suka fara shimfiɗa layin dogo a Semarang tun 1867. A kan wannan siririn layin jirgi ke ɗaukarka daga tashar Gambir a Jakarta ya dire ka Surabaya cikin kusan awa 8, tafiyar sama da kilomita 700, kuma in an ce ƙarfe takwas zai tashi to takwas ɗin ce, ko kai waye in ka makara sai dai ka bi shi da kallo.

Kuma fa ba ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya irin Zariya zuwa Kano ba. In ka bi ta Purwokerto za ka Yogyakarta jirgin sai ya riƙa kwana yana hawa gadoji yana kutsawa ta cikin duwatsu, ga dutsen Slamet mai aman wuta can tsaye gajimare ya rufe masa kai, gonakin shinkafa kuwa hawa-hawa har jikinsa tunda tokar aman wutar ce takinsu, manoma da malafa tsamo-tsamo cikin ruwa ko ɗaga kai ba sa yi. Dutsen Merapi da ke kusa da Yogyakarta a 2010 ya kashe mutum sama da 300 da ya yi amai. Ga ruwan sama, ga zaftarewar ƙasa, ga girgiza, amma layi na nan ana kula da shi.

Su ma a da kamar mu suke, mutane har saman rufi suke hawa. Sai da Ignasius Jonan ya karɓi shugabancin KAI, kamfanin jiragen ƙasansu, a 2009 aka hana hawan rufi, aka hana taba, tikiti ya koma da sunanka dole ya dace da katin shaida, ni fasfo nake nunawa. Abin da bai yi min ba shi ne korar 'yan talla, gaskiya ina kewar masu rake da dafaffen ƙwai suna miƙo maka ta taga, a nan sai dai ma'aikaciya ta turo maka nasi goreng, wato soyayyiyar shinkafarsu, a roba da tsadarsa, ga sanyin na'ura kamar za a kashe mutum.

Wani zai ce ai suna da Whoosh, sabon jirgi mai gudun kilomita 350 a awa tsakanin Jakarta da Bandung, wanda aka buɗe a 2023 da bashin Chaina. Ni bai burge ni sosai ba, tashoshinsa a bayan gari suke irin Rigasa da Idu, sai ka sake neman abin hawa. Talaka da ɗalibi da mai tafiya gida sallah a tsohon layin suke daga tashar Pasar Senen a Jakarta. Shi ya sa in da ni za a tambaya, kafin a ƙara ciyo bashin sabon layi a fara tada na Kano zuwa Nguru da na Zariya zuwa Ƙaura Namoda tukuna.